WAYAR HANNU: RIGAR KAMFANI KO ANDROID ZALLA?

Daga Wakilinmu na Arewa



Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun samarinmu da na 'yan kasuwa, tun daga Agege da Idi-Araba har zuwa nan gida. Wannan ya ɗaga wayarsa ya ce babu kamarta, domin tana da ado da dabaru iri iri. Wancan ya ce tasa ce waya, domin babu tarkace a cikinta, kuma ba ta damunsa da talla. Idan ka bincika sai ka tarar duka biyun abu ɗaya ne ke tafiyar da su, wato Android. To, ina bambancin ya fito, kuma wane ne mai gaskiya a cikinsu?

Maganar ta wuce ta nishaɗi. Shekaru ashirin da suka wuce waya abar gaisawa ce da mutanen gida. Yau kuwa ita ce aljihun ɗan kasuwa. Tun wahalar takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin canjin Naira, mai tumatir a Mile 12 da mai shanu a Oko-Oba da mai hatsi a Bodija duk sun saba da karɓar kuɗi ta waya. Ɗakin da mutum ya zuba dukiyarsa a ciki kuwa, ya kamata ya san irin ƙofar da ke jikinsa.

Ra'ayina, tun kafin mu yi nisa, shi ne masu gardamar nan kowa yana da rabin gaskiya. Abin da ya kamata ya raba su tambayoyi biyu ne da ba kasafai a ke yin su a gaban mai shago ba. Shekara nawa kamfani zai ci gaba da kula da wayar bayan ya karɓe kuɗinka? Kuma kana da ikon fitar da abin da ba ka so daga cikinta?

MECE CE RIGAR?

Android ita ce babbar manhajar da ke cikin waya, wadda ke haɗa allo da batir da kyamara da layi su yi aiki tare. Kamfanin Google na Amurka ya saye ta a 2005, kuma wayar farko da ta fito da ita ta kamfanin HTC ce, a 2008. Dabarar da Google ya yi ita ce ya bar ainihin manhajar a buɗe, kowane kamfani ya ɗauka ya sa a wayarsa, ya canja ta yadda ya ga dama. Wanda ke son haɗawa da kayan Google, kamar kantin manhajoji na Play da YouTube da taswira, shi ne zai nemi izini ya cika sharuɗɗa.

Da ya ke kowa yana iya ɗauka, sai kamfanoni suka ga idan ba su yi wani abu ba wayoyinsu za su zama kamar 'yan gida ɗaya, mai saye ba zai ga dalilin fifita wannan a kan waccan ba. Saboda haka kowane kamfani ya kira telolinsa suka ɗinka wa Android riga. Rigar nan ita ce ke canja kamannin allo, da launi, da tsarin saiti, da yadda kyamara ke ɗaukar hoto, da yadda a ke tattalin batir, da irin manhajojin da za ka tarar a ciki ranar da ka buɗe kwali.

Rigar Samsung sunanta One UI, ta fito a ƙarshen 2018, a da can kuwa TouchWiz a ke kiranta. Ta Xiaomi, masu wayar Redmi, ta soma da suna MIUI a 2010, aka maye gurbinta da HyperOS a 2023. Ta Tecno ita ce HiOS, ta Infinix kuwa XOS. Waɗannan biyun, har da itel, duk 'ya'yan kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion, wanda ke da hedkwata a birnin Shenzhen.

Android zalla kuwa ita ce wadda aka bari kusan yadda ta fito daga hannun Google, ba aiki a wuya, ba aska, ba tarin kaya a aljihu. Mafi kusa da ita a yau su ne wayoyin Pixel, waɗanda Google ke yi da kansa tun 2016. Wayoyin Nokia da kamfanin HMD ya riƙa fitarwa daga 2017 su ma da ita suka yi suna, haka kuma Motorola bai cika yi mata ƙari mai yawa ba.

YABON GWANI YA ZAMA DOLE

Masu kushe rigar kamfani su kan manta da cewa yawancin abubuwan da mu ke jin daɗinsu a waya daga wurin telolin nan suka fito, Google ya biyo baya.

A ɗauki maganar layi biyu. Tun da aka soma wayar salula a Nijeriya a 2001, kowa ya san halin da a ke ciki: layin da ke da sabis a Obalende ba lalle ne ya ja a ƙauyenku ba, kuma a wancan lokacin kiran wani layi dabam ya fi tsada. Mutane suka riƙa yawo da waya biyu ko uku. Tecno ya shigo kasuwarmu a 2008 ya riƙe wannan ƙofa, ya riƙa kawo waya mai cin sim biyu a farashin talaka. Android zalla ba ta koyi riƙe layi biyu da kanta ba sai a 2015, a fitowa ta 5.1. Kafin nan kamfanoni ne suka yi ta ɗinka wannan da hannunsu, domin su ne suka san kasuwar Afirka da ta Indiya.

Haka maganar hoto. An daɗe kyamarar waya ba ta yi wa baƙar fata adalci, musamman da dare ko a cikin ɗaki, sai dai ka ga haƙora da idanu. Transsion ya zauna ya gyara manhajar kyamararsa domin fuskar mutumin Afirka ta fito sosai, kuma wannan yana daga cikin abubuwan da suka sa ya mamaye nahiyar. Bugu da ƙari ya sa harsunanmu a wayoyinsa, har da Hausa da Suwahili da harshen Amhara na Habasha.

Raba allo gida biyu, domin ka duba lissafi kana rubuta saƙo, Samsung ya kawo shi a 2012, Android zalla ba ta samu ba sai 2016. Ɗaukar bidiyon abin da ke gudana a allo sai 2020 ya shigo cikinta, ɗaukar dogon hoton allo kuwa sai 2021, alhali masu riga sun daɗe suna yi. Ga kuma buɗe WhatsApp biyu a waya ɗaya, ɗaya na abokan ciniki ɗaya na iyali. Ga sa makulli a kan kowace manhaja, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda ke barin wayarsa a wurin mai caji ko ya ba abokin kwana aro. Ga dabarar da ke sa ɗan ragowar caji ya kai mutum har dare. Wanda ke kwana a kan buhunan albasa daga Aliero zuwa Ikko ya san darajar wannan fiye da injiniyan da ke zaune a ofis a Amurka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

INDA GIZO KE SAƘA

To, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Ribar da ke cikin waya mai araha kaɗan ce. Shugaban Xiaomi, Lei Jun, ya fito fili a 2018 ya yi alkawarin cewa ribarsu a kan na'urorin da su ke sayarwa ba za ta wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Ina sauran kuɗin zai fito? Daga talla, da kuma manhajojin da a ke cusawa cikin waya tun daga masana'anta. Wato bayan ka biya kuɗin waya, allonka ya zama rumfa, kamfani yana ba da hayarta.

Transsion ma yana da nasa kayan. Manhajar waƙoƙi ta Boomplay, wadda ta soma a Nijeriya a 2015, a cikin wayoyinsa ta girma. Yana da kantin manhajojinsa na Palm Store, ya kuma zuba jari a PalmPay da ta soma aiki a 2019. Babu laifi kamfani ya tallata hajarsa, kowannenmu abin da ya kawo shi Kudu ke nan. Laifin yana wurin da za a sa maka baƙo a ɗaki, kuma a hana ka sallamarsa. A wayoyi da yawa akwai manhajojin da ba su goguwa, iyaka dai ka kashe su, wasu ma ko kashewar ba a yarda ba.

Baƙin nan kuwa suna ci ta hanya uku. Na farko suna cin wuri. Wayar da aka rubuta mata 64 a kwali, kafin ka sa hoton ɗanka guda ɗaya riga da kayanta sun riga sun cinye kaso mai tsoka. Bayan wata shida sai ka ji mutum yana cewa wayarsa ta cika, tana nauyi, yana ta goge hotunan suna da na biki. Na biyu suna cin data, domin kowace talla da ta faɗo allo da kuɗinka aka jawo ta, ga shi a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin ɗari. Na uku, wanda ya fi duka, suna cin hankali. Ɗan kasuwa yana jiran alat daga banki kafin ya saki kaya, sai waya ta yi ƙara, ya duba ya tarar tallar wasa ce ko labarin 'yan fim. A tsakiyar irin wannan hayaniya ce masu alat na bogi ke samun ƙofa. Dattijon da ba ya karanta Turanci kuwa ba ya iya bambance gargaɗin gaskiya da tallar da ta yi shigar gargaɗi, duk abin da ya fito sai ya danna.

Akwai kuma wani wayo da ya kamata a sani. Za ka ga an rubuta wa waya ƙwaƙwalwar aiki 8, amma idan ka duba ƙananan baƙaƙe sai ka ga 4 ne a haɗa da 4. Huɗun farko su ne na gaskiya. Huɗun biyu aro ne rigar ke yi daga ma'ajiyar hotuna, wadda ba ta kai ta ainihi sauri ba ko kusa. Mai saye ya lissafa da huɗu kurum.

Haka nan tattalin batirin da mu ke yabo yana da nasa ciwon. Domin caji ya daɗe, riguna da yawa su kan kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage ba tare da sun tambayi mai waya ba. Shi ya sa saƙo zai iso da safe, amma ba za ka gan shi ba sai ka buɗe WhatsApp da rana, bayan mai neman kaya ya tafi wurin wani.

WAYA MAI RAI UKU

Yanzu mu zo kan babbar magana. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma kullum ɓarayin intanet suna neman ta. A 2015 aka gano wata ɓaraka a Android, aka sa mata suna Stagefright, wadda ta shafi wayoyi kusan miliyan 950, ta yadda saƙon hoto ko bidiyo kurum zai iya buɗe wa ɓarawo ƙofa. Daga wannan shekara Google ya soma fitar da facin tsaro a kai a kai.

Sai dai facin ba ya zuwa wayarka kai tsaye. Daga Google sai ya bi ta hannun masu yin ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Qualcomm da Unisoc, sannan ya iso ga kamfanin waya. Shi kuma sai ya warware rigarsa ya sake ɗinke ta daidai da sabon awo, ya gwada a kan kowane samfuri. Gwargwadon yawan aikin da ke jikin riga, gwargwadon wahalar gyaranta. Kamfanin da ke fitar da samfuri barkatai kowace shekara kuwa, telolinsa suna can kan sabon ɗinki, wa zai waiwayi na bara waccan? Google ya yi ƙoƙarin rage wannan jinkiri a 2017 da 2019, har ya zama wasu sassa a kan sabunta su ta kantin Play, amma babban gyara har gobe yana hannun kamfani. Sakamakon haka, wayoyi masu araha da yawa da Android ɗin da suka fito da ita su ke mutuwa, ko kuwa a ƙara musu sau ɗaya a manta da su.

Wani zai ce, ni ina ruwana, bayan shekara biyu ai na canja waya. A nan ne na ke so ku saurare ni, domin mu da ke gida mu ne ke ganin ƙarshen labarin. Wayar ɗan Arewa mazaunin Kudu rai uku gare ta. Ran farko a hannunka, shekara biyu. Idan ka zo Salla sai ka bar wa uwargida ko Baba, ta yi rai na biyu. Daga nan ta gangara hannun ƙane ko ɗa, a kai ta kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a canja mata allo da batir, ta shiga rai na uku. A rai na biyu da na uku ne ka ke turo kuɗin cefane da na taki da na makaranta ta cikinta. Wato daidai lokacin da kamfani ya juya mata baya, lokacin ne ta ke ɗauke da guminka, kuma a hannun waɗanda ba su san dabarun 'yan damfara ba.

Ban da tsaro, akwai ranar da manhajoji da kansu za su guje ta. Tun watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ba su kai Android ta 5 ba, kuma manhajojin banki ma haka su ke ɗaga sharaɗinsu lokaci lokaci. Waya tana nan garau, allo bai fashe ba, amma ta zama fitila da rediyo.

Wani abin da ya faru ya isa ishara. A watan Agusta na 2020 masu binciken tsaro na Secure-D suka ba da rahoton cewa an sami muguwar manhaja mai suna Triada a cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a ƙasashe irin su Habasha da Gana da Kamaru da Masar da Afirka ta Kudu. Tana jawo wata 'yar'uwarta, su riƙa ƙoƙarin yi wa mai waya rajistar abubuwan biyan kuɗi bai sani ba. Kamfanin ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta shigo, kuma ya riga ya fitar da gyara tun 2018. Darasin da ke ciki ya shafi kowane kamfani: yawan hannuwan da suka taɓa manhaja kafin ta iso gare ka, yawan ƙofofin da ɓarna ke iya bi.

ITA MA ZALLAR BA WALIYYIYA BA CE

Kada masu Android zalla su yi saurin tafi. Tsabtar da su ke taƙama da ita tsabta ce daga kayan wasu, amma cike ta ke da kayan Google, shi ma kuwa da talla ya ke cin abinci. A watan Yuli na 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro miliyan 4,340 saboda tilasta wa kamfanonin waya su sa manhajar bincikensa da Chrome kafin ya ba su kantin Play. Kotu ta ɗan rage tarar a 2022, amma ta tabbatar da mafi yawan laifin.

Kuma an gwada zallar a nan ƙasar. A watan Agusta na 2015 Google ya kawo shirinsa na Android One Nijeriya, ya haɗa kai da Infinix suka fitar da Hot 2, waya mai araha da Android zalla da alkawarin sabuntawa. Infinix ya sake gwadawa da Note 5 a 2018, Xiaomi ma ya fitar da guda huɗu tsakanin 2017 da 2019. Daga baya shirin ya shiririce. Dalili a fili ya ke: kamfani ba ya samun kuɗin haya a kan allon da babu rumfa, mu kuma masu saye ba mu taɓa tambayar sabuntawa ba, girman batir da yawan idon kyamara mu ke dubawa.

Rashin riga kuma ba ya tabbatar da cika alkawari. HMD ya yi wa masu wayar Nokia 9 PureView alkawarin Android ta 11, amma a ƙarshen 2021 ya fito ya ce ba zai iya ba. A ɗaya gefen, Samsung da a da a ke yi wa dariya saboda nauyin rigarsa, shi ne a watan Janairu na 2024 ya yi alkawarin kula da Galaxy S24 har shekara 7, daidai da abin da Google ya yi wa Pixel 8 a 2023. Ya kuma ba Galaxy A16, wadda ta fi kusa da aljihun matsakaicin mutum, alkawarin shekara 6. Wannan ya nuna cewa mai riga ma yana iya riƙe amana idan ya ga dama, ko kuwa idan kasuwa ta matsa masa.

Pixel kuma Google ba ya sayar da ita a Nijeriya da kansa. Yawancin waɗanda ke hannun samarinmu na hannu ne, tokumbo, babu garanti, kuma idan allo ya fashe kuɗin gyara ya kan kusa sayen wata wayar. Mai sayen irin wannan ya tuna cewa shekarun kulawa daga ranar da samfurin ya fito a ke lissafa su, ba daga ranar da ya saya ba. Alkawarin shekara 7 ɗin nan kuma daga Pixel 8 ya soma, na baya ba su kai haka ba.

ABIN DA MAI SAYE ZAI YI

Ba a cinikin biri a sama. Idan ka shiga Computer Village a Ikeja, ko duk inda ka ke sayen waya, kafin ka biya ka sa a kunna maka ita. Ka shiga saiti, ka gangara wurin bayanin waya, ka duba lambar Android da ke ciki da kuma kwanan watan facin tsaro na ƙarshe. Idan sabuwar waya ce a kwali amma facinta ya haura shekara, ka san ta kwana biyu a shago, ko kuwa kamfani ya riga ya sallame ta. Ka tambayi shekara nawa aka yi alkawarin sabunta wannan samfuri. Idan mai shago bai sani ba, a duba shafin kamfanin a gabanka. Kamfanin da ya yi shiru a kan wannan tambaya, shirunsa amsa ce.

Sannan ka ɗora yatsa a kan manhajojin da ba ka sani ba, ka ga ko suna goguwa. Ranar farko, kafin ka sa manhajar banki, ka zauna ka goge masu goguwa, ka kashe masu kasuwa... wato masu tallata maka kaya, ka toshe musu bakin sanarwa. Tun Android ta 13, wadda ta fito a 2022, sabuwar manhaja sai ta nemi izininka kafin ta soma turo sanarwa, saboda haka kada ka riƙa amsa mata da to ba ka duba ba. Manhajar banki da WhatsApp kuwa ka cire su daga cikin waɗanda a ke kashewa domin tattalin batir. Kada ka ɗauko manhajar kuɗi daga wani wuri in ba kantin Play ba, ko da abokinka ne ya turo maka.

Idan kuɗinka ya kai waya biyu masu farashi ɗaya, ɗaya mai idon kyamara huɗu babu alkawari, ɗaya mai ido biyu da alkawarin shekara biyar ko shida, ɗauki ta biyun. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Idan kuma za ka bar wa mutanen gida tsohuwar waya, ka share ta tas, ka sabunta ta iyakar inda ta tsaya, ka kafa mata makulli, ka kuma ja musu kunne kada su faɗa wa kowa lambar sirri ko da ya ce daga banki ya ke.

Samarinmu masu sayar da waya da gyaranta, a Kudu da Arewa, ku ma akwai magana a kanku. Ɗan'uwanku ya zo wurinku ne domin ya yarda da ku kuma kuna jin harshensa. Ku gaya masa gaskiyar huɗu a haɗa da huɗu. Minti goma da za ku ɓata kuna share masa tarkace shi ne zai dawo muku da shi baɗi, har ya kawo wani.

KIRA GA HUKUMA

Sauran aikin na Gwamnati ne, domin mai saye ɗaya ba ya iya lanƙwasa kamfani. Wasu ƙasashe sun riga sun nuna hanya. Koriya ta Kudu, gidan Samsung, ta shimfiɗa ƙa'ida tun 2014 cewa a bar mai waya ya goge manhajojin da ba dole ba. Ƙasar Sin, inda a ke ƙera mafi yawan wayoyin da ke hannunmu, ta ƙarfafa irin wannan doka daga ran 1 ga watan Janairu na 2023. Tarayyar Turai kuwa, daga ran 20 ga watan Yuni na 2025, ta ɗora wa kamfanoni nauyin samar da sabuntawa har shekara 5 bayan sun daina sayar da samfuri, da kayan gyara har shekara 7. Abin da kamfani ya iya yi wa mutanen garinsu da Turawa, me zai hana ya yi wa Nijeriya, wadda ke cikin manyan kasuwanninsa?

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ita ce ke ba kowane samfurin waya izinin shiga kasuwarmu, saboda haka igiyar tana hannunta. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta nuna tana da haƙora a watan Yuli na 2024 da ta ci kamfanin Meta tarar Dala miliyan 220. Abin da mu ke roƙo bai kai wannan nauyi ba. A wajabta rubuta shekarar da kulawa za ta ƙare a jikin kwali, da manyan baƙaƙe, kamar yadda a ke rubuta wa magani da madarar gwangwani. A wajabta rubuta ainihin ƙwaƙwalwar aiki dabam da ta aro. A kuma ba mai waya ikon goge duk manhajar da waya za ta iya aiki ba tare da ita ba.

Wakilanmu a Majalisar Tarayya, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu na Kudu waɗanda ke da bakin magana da Hukuma, ya kamata su ɗauki wannan batu. Mutanenmu suna daga cikin waɗanda suka fi sayen waya mai araha, su ne kuma suka fi daɗewa da ita a hannu. Kafin Hukuma ta motsa, kowa ya riƙe tambayoyin nan biyu ya shiga da su kasuwa: shekara nawa za a kula da ita, kuma ina iya fitar da abin da ba na so? Ranar da masu shago suka gaji da jin su, saƙon zai kai Shenzhen.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya maido ku gida lafiya.